Kamera Cikin Garin Gero

Kwanaki ke nan Souwaiba ba ta yarda kowa ya kusanci tukunyar garin gero. Ko ɗiyarta ta miƙa hannu wajen ludayi sai ta ce mata bari, bari, je ki huta, alhali yarinyar ba ta yi aikin komai ba. In an yi sallama a ƙofa gabanta ya faɗi. In kaza ta bi ta bayan tukunyar gabanta ya faɗi. Abinci ba ya shiga, salla kuwa sai ta idar ta zauna tana tambayar kanta ko uku ta yi ko huɗu. Dalili shi ne, a can ƙarƙashin garin, cikin leda biyu da tsohon kallabi, akwai kamerar ɗanta Inoussa, kuma da hannunta ta tura ta ciki. Matar da ko allura ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba.

Bari a ɗauko zancen daga tushe.

Inoussa ɗan fari ne, don haka Souwaiba ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa gaban mutane, kuma ba ta iya tsawata masa yadda ya kamata. Ya tafi Yamai neman aiki, ya shekara biyu, ya dawo Agadas da jile, rigar nan marar hannu mai aljihu ta ko'ina, da hular kasket a juye, da kamera rataye a wuya har wajen alwala. Abin da aka ji daga bakin matafiya, a can aikinsa shi ne riƙe wa masu ɗaukar hoton biki waya don kada mata su taka. Abin da shi ya faɗa kuwa, shi realizater ne, wato mai shirya fim, kuma manyan masu sinima na Yamai ba su yin tari sai sun shawarce shi. Ya ce zai yi fim na gaskiya, dokimanter, a kan son karatu da littattafan da aka manta da su. Za a nuna shi a Yamai, a nuna a ƙasashen waje, Turawa su yi kuka, a kira shi a rataya masa abu a wuya.

Maƙwabcinsu Illo mai raƙuma ya tambaye shi littafi nawa shi ya karanta. Inoussa ya ce realizater ba ya karatu, gani yake yi.

Ya zaga majalisun maza yana neman littafin da aka manta. Ya samu littattafan addini, waɗanda ba wanda ya manta da su, ya samu takardar da ke zuwa cikin kwalin rediyo. Ya dawo gida yana huci, wai garin nan ba a san darajar ilimi ba, ya ƙi cin tuwo. Tausayin uwa ya kama Souwaiba, bakinta ya suɓuce, ta ce wa bangon zaure ai mata na da su.

Tun tana amarya matan lungunsu ke da littattafan labari na Hausa, waɗanda masu kamyo, manyan motocin kaya, suka riƙa kawowa daga Kano ta Damagaram. Littafi guda sai ya zaga gida ashirin, ya sha mai, ya sha hayaƙi, ya sha hawaye. Bangon littafin ya daɗe da fita, sunan littafi da na wanda ya rubuta sun tafi tare da shi. Kowace mai littafi sai ta yanki ƙyalle daga tsohon zanenta ta ɗinka masa riga, kuma da rigar ake kiransa: mai makulli, mai kifi, mai ganyen kuka. In mace ta aika a ba ta mai makulli, kowa ya san labarin ungozoma Asabe take so, kuma gidan Biba mai fanke za a je. Tara suka rage a lungun. Huɗu daga ciki na Hajiya Khadijatul Kubra ne, tsohuwar da ta koya wa rabin matan karatun Hausa a tsakar gidanta, har da Souwaiba, wadda aka cire daga lekol, makarantar boko, tun tana aji uku.

Souwaiba ta bi gida-gida tana roƙo. Gidan Hajiya ta bari na ƙarshe. Idon tsohuwar ya fara hazo, da hannu ta laluba akwati ta fiddo uku. Na huɗun ta daɗe riƙe da shi. Shi ne mai tsuntsaye, labarin direba Sahabi da ya bi duniya neman ƙanensa da ya ɓace, kuma rigarsa daga zanen ƙanwar Hajiya ce, wadda ta rasu da daɗewa.

"Ɗanki ban san shi ba sai a surutu," in ji Hajiya. "Ke na sani. Ke nake ba."

"Yadda suka tafi haka za su dawo, Hajiya."

"Na ji."

Aka fara ɗaukar fim a tsakar gidan Biba. Inoussa ya jera mata a tabarma, ya ba kowace littafi, ya ce in ya ce aksiyon, wato a fara, kowace ta sunkuyar da kai ta ce wallahi ta manta abin da ke ciki. Biba ta ce ita ba ta rantsuwar ƙarya, kuma ta ina za ta manta da Asabe, matar da ta karɓi haihuwa a cikin kwale-kwale? Daga nan ta ɗauko labarin tun daga haihuwar ita Asaben. Wata ta ce ba kwale-kwale ba ne, amalanke ne. Wata ta ce ai malamin gona Asabe ta aura, Biba ta ce mai gyaran keke, malamin gona a mai kifi yake, kuma ma ya mutu. Inoussa yana ta kiran kupe, kupe, wato a dakata, ba wadda ta juyo. Batir ya ƙare ana cikin gardamar ko malamin gonan ya cancanci mutuwa.

Ya koma wajen Hajiya. Ya zaunar da ita a lungun ɗaki mai duhu, ya ce ta rungume littafi ta zubar da hawaye kaɗan, ba da yawa ba. Hajiya ta ce ta yi kukan miji, ta yi na ƙanwa, na littafin da ke hannunta lafiya lau kuma na mi ne? Inoussa ya ce ba komai, hawayen zai sa mata daga baya a wajen montaj, wato haɗa hotunan fim.

Sai ya ce yana son hoto daga sama: littafi shi kaɗai yashe cikin rairayi, ba kowa. Ya ari raƙumin Illo. Illo ya ce zai riƙe masa akala, Inoussa ya ce ba sai ya wahala ba, shi da ya ɗauki sukuwar dawaki a Yamai. Suka fita bayan gari, ya ajiye mai ganyen kuka a ƙasa, ya hau. Raƙumi ya tashi da ƙafafun baya tukuna, yadda raƙuma ke tashi tun da Allah ya halicce su, kamera ta daki realizater a hanci. Da ya gama miƙewa bai ko dubi littafin ba. Ranar kasuwa ce, shi kuma ya san hanyarsa, ya nufi kasuwar dabbobi a natse, Inoussa a sama yana ce masa kupe. A can wani dillali ya zaga raƙumin, ya duba haƙori, ya tambayi Illo, wanda ya biyo su a ƙafa, ko da kayan da ke sama za a sayar ko za a sauke.

Littafin kuwa Souwaiba ce ta je ta ɗauko shi, ta iske akuya ta riga ta fara sansana. Da yamma ta tsaya a bakin zaure, ta fuskanci bango, ta ce a gaya wa mai jile littattafan nan amana ne. Mai jile yana kwance da tsumma a hanci, ya ce Inna ta kwantar da hankalinta, a hannun ƙwararre suke.

Ƙwararren ya kwana yana tunani ya gano inda matsalar take. Rigunan ne. Wa zai yarda an manta da littafi alhali yana sanye da atamfa mai kifi? A Yamai dariya za a yi masa. Littafin da aka manta tsirara ya kamata a gan shi, fallayensa na kaɗawa a hankali kamar zamani na wucewa, hasumiyar masallaci a baya.

Ya jira ranar da aka yi suna a wata unguwa, matan lungun duk suka tafi, har da Souwaiba da Biba. Ya ɗauki aska ya bi rigunan tara ya farke. Bai lura ba zaren da ya riƙe riga shi ne ya riƙe fallayen. Ya hau da su soro, ya jera. Iska ba ta motsi ranar, don haka ya aro babban bantilo, fankar nan mai ƙafa, daga shagon Marwan mai aski, ya jawo waya, ya saita shi daidai kan littattafan, ya danna. Shiru. An ɗauke kuran, wutar lantarki. Ya danna na biyu, ya danna na uku mai ƙarfin duka, shiru. Ya ce ƙasar nan ba ta san mutuncin fasaha ba, ya sauko wajen Marwan shan shayi.

Suna kan kofi na biyu kuran ya dawo.

Marwan ne ya fara gani, ya ce ikon Allah, yau takarda ake yi daga sama. Fallaye suka bazu bisa lungun kamar an tashi garken balbela. Wasu suka sauka kan barkonon da Biba ta shanya, wasu cikin garken Illo, wasu a randar mutane, wasu suka bi kwana suka nufi wajen mai tsire. Inoussa ya bi su a guje yana tsinta yana cusawa, kuma ranar ce aka ga amfanin aljihun jilen nan. Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa yana cikin tsarin fim.

Ya kulle kansa a zaure da tulin takarda. Littattafan tara duk girmansu ɗaya, baƙinsu ɗaya, duk sun yi launin ƙasa iri ɗaya. Wani da sai ya karanta ya ga wanne ke bin wanne. Inoussa ya ce ai ba sai an kai ga haka ba, ga nimero, wato lamba, a gindin kowane shafi, kuma nimero ba ya ƙarya. Ya ɗauki falle mai ɗaya da biyu, ya ɗora mai uku da huɗu, ya ɗora mai biyar da shida, duk wanda hannunsa ya fara kamawa. Kafin la'asar ya tada littafi tara. Inda nimero ya yi tsalle ya ce mai karatu mai basira zai cike da kansa. Ya kwasa ya kai wa Alkasum baduku, ya ce a yi musu bango na jar fata, a ɗinke ɗinkin da jikoki ma ba za su kwance ba. Alkasum, wanda bai san boko ba, ya juya su ya tambaya ko ya tabbata haka suke. Inoussa ya ce haka ake yi a Yamai.

Souwaiba ta dawo daga suna ta tambayi bango ina littattafai. Aka ce mata ta jira, za ta ga abin mamaki. Washegari ta iske shi yana sauke butar shayi daga garwashi da wani ƙyalle. Ta duba da kyau, ta ga tsuntsaye. Ta zare ƙyallen daga hannunsa, gefe guda ya riga ya ƙone, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Ta ce wa ranta wataƙila rigar kaɗai ya cire. Ba ta ƙara tambaya ba, don akwai tambayar da uwa ke tsoron amsarta.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi babban taron, a ƙofar gidan Hajiya. Inoussa ya ce shi ne fagen ƙarshe na fim. Ya gayyaci mai unguwa, ya gayyaci wani mushe mai tabarau, malami a lise, makarantar sakandare, ya shimfiɗa tabarmi, lungun kaf ya fito. Ya kafa kamera bisa ƙafafunta uku ya bar ta tana ɗauka, ya shiga gabanta ya yi jawabi. Ya ce ya iske gadon al'umma cikin tsumma ya tsamo shi. Ya ce wata rana za a sa sunan wani a bakin lungun nan, shi dai ba zai faɗi ko wane ne ba. Sannan ya yaye mayafi daga kan faranti. Littafi tara jajaye, sumul, suna ƙamshin fata.

Biba ta leƙa farantin ta ce ina nata. Inoussa ya ce duk nata ne, duk na al'umma ne. Ta ce ita mai makulli ta bayar, ba ta ba al'umma komai ba.

Hajiya ta ce a karanta mata mai tsuntsaye daga farko, ta daɗe ba ta ji shi ba. Inoussa ya ɗauki na sama ya miƙa wa Biba, kamar ya sani. Allah ya taimake shi falle na farko na Sahabi ne. Biba ta gyara murya ta fara. Sahabi ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya yi alkawarin ba zai dawo ba sai da ƙanensa, ya hau motarsa ya tada ta. Hajiya tana gyaɗa kai, leɓenta na bin kalmomin. Souwaiba ta saki numfashin da ta riƙe tun ranar butar shayi.

Biba ta gama shafi na biyu ta shiga na uku. Sai ga mai naƙuda ana ce mata ta daure, kai ya fito. Biba ta tsaya, ta duba baya, ta duba gaba, ta ci gaba. Aka haifi ɗa namiji, aka ɗaga shi sama don ya yi kuka. A falle na gaba kura ta buɗe baki ta ce wa maharbi in ya bar ta da rai za ta nuna masa rijiyar aljanu. Maharbi ya sauke baka yana tunani. A falle na gaba alƙali ya buga tebur ya yanke wata shida a gidan kaso.

Mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce a yi masa afuwa, shi bai saba da littafi ba, amma wa aka ɗaure, jaririn ko kurar?

Wata daga cikin mata ta ce alƙalin nan nata ne, daga mai kifi yake. Wata ta ce kurarta ce, kuma ba ta taɓa shiga kotu ba. Biba ta bi fallayen da yatsa ta ce ga malamin gona nan da ya mutu, yana sayen rago. Gumi ya jiƙa jilen Inoussa har aljihun ƙasa.

Nan ne mushe ya gyara tabarau. Mutum ne mai son zaman lafiya. Ya ce a gaskiya a Turai akwai marubuta da ke yin haka da gangan, su cakuɗa labarai, salo ne na zamani sosai. Inoussa ya farfaɗo kamar an yayyafa wa alayyafo ruwa. Ya ce yawwa, ashe akwai mai ilimi a wurin. Wannan shi ake kira montaj. Shi ya zauna ya tsara shi falle-falle, ya san mutanen lungu ba za su gane da wuri ba, amma a Yamai tafi za a yi.

Hajiya ta juya fuskarta wajen da muryar ke fitowa.

"Da gangan ka yi?"

"Da gangan, Hajiya. Fasaha ce."

"To madalla. Da na ɗauka tsautsayi ne, har na fara neman yadda zan yafe."

Daidai nan mai tsire ya iso da naman da Inoussa ya sa a kawo wa manyan baƙi, ƙulli-ƙulli cikin takarda. Mai unguwa ya kwance nasa, ya ga rubutu, ya miƙa wa mushe, mushe ya miƙa wa Biba. Ta karanta layi biyu a zuci ta rufe baki da hannu. Ta ce fallen ƙarshe ne na mai tsuntsaye, ga yaji a kan Sahabi. Mai tsire ya ce shi bai saci kayan kowa ba, ranar sunan nan Allah ya saukar masa da takarda daga sama, akwai ma saura a ƙarƙashin tebur. Illo ya ce raƙuminsa ma ya samu rabonsa, kuma tun ranar ya yi shiru kamar mai nazari. Marwan ya ce tun da zancen ya fito, a sauko masa da bantilonsa daga soro. Alkasum ya ce shi dai an gaya masa haka ake yi a Yamai.

Inoussa ya juya wajen kamera ya ce kupe. Ba wanda zai kashe ta, don shi kaɗai ne ma'aikacin fim ɗin. Mai unguwa ya tuna yana da zaman sulhu. Mushe ya tuna yana da takardun yara da zai gyara. Suka tafi da namansu a hannu, ba takarda.

Hajiya ba ta ƙara bi ta kan Inoussa ba. Ta kira Souwaiba da sunanta. Souwaiba ta taso ta durƙusa.

"Yadda suka tafi, kika ce."

Souwaiba ta kwance bakin zane ta fiddo ƙyallen ta sa mata a hannu. Tsohuwar ta shafa shi, ta bi tsuntsayen da babban yatsa har ta kai inda wuta ta ci, ta tsaya a wurin. Ba ta yi kukan da aka nema a fim ba. Ta ce a ba ta fallen tsiren, ta naɗe shi cikin ƙyallen, ta tura a ƙugu.

Sannan ta yanke hukunci, ba ta ɗaga murya ba. Alkasum zai kwance ɗinkinsa. Kowace la'asar Inoussa zai zo ya zauna a tabarmarta ya karanta falle-falle da babbar murya, gaba da baya, mata su ce na wane littafi ne, har a gama taran, a mayar wa kowanne rigarsa. Biba ta ce ita ta fi shi sauri, a bar ta ta karanta. Hajiya ta ce wanda ya yi da gangan shi zai kwance da gangan. Fallen ƙarshe kuwa yana wurinta sai ranar. Ta ce wa Souwaiba ranar da aka gama, ranar za ta amsa gaisuwarta.

Tun daga nan Souwaiba na zuwa kowace safiya ta durƙusa a bakin ɗakin ta ce ina kwana Hajiya. Hajiya na jan tasbaha. Matar da ta riƙe mata yatsa bisa baƙi, matar da ta zauna da ita ranar haihuwar shi wannan mai jilen. Souwaiba ta gaida ƙofa ta tashi. Kuma kowa a lungun ya san idon Hajiya da shekarunta ba masu dogon jira ba ne.

Inoussa ya fara zuwa. Lekol Faransanci ta koya masa, shi ma ba duka ba, Hausa a rubuce kuwa yana bin ta kamar mai tafiya bisa tsakuwa ba takalmi. Mata goma na gyara masa a lokaci guda. Kowane falle sai an yi shari'a a kansa, Biba na jan alƙali zuwa mai makulli, mai kifi na cewa sai dai bayan ranta. Ba a ko gama kwance littafi na biyu ba ya dawo gida ya sanar cewa duniya na jiransa. Wai akwai kamyon da zai tashi zuwa Dirku ranar Alhamis, daga can zai san yadda zai kai Fachi ya yi dokimanter a kan gishiri, don gishiri ba ya gardama. Littattafai kuwa in ya dawo.

Ya shiga wanka ya rataye kamera a ƙusa, karo na farko da ta bar idonsa. Kafin ya fito tana cikin garin gero.

Ya birkice zaure, ya zazzage aljihun jile ɗaya bayan ɗaya. Ya ce maƙiya fasaha ne suka yi masa aika-aika. Ya ce ba kamera ba tafiya, amma in ba ta fito ba kafin Laraba komisariya zai je wajen 'yan sanda, kuma ya san sunan da zai bayar, ko Marwan ko Alkasum. Bayin Allah da ba su ci ba ba su sha ba. Souwaiba tana jin haka tana tuƙa tuwo da garin da ke rufe da abin.

Sai kuma jiya. Ta zagaya bayan madafa ɗebo itace, ta iske shi tsugune a inuwa, kasket a gwiwa, da falle guda a hannu wanda ya sato daga tulin Sahabi. Yatsansa na bin layi, leɓensa na motsi. Bai ji zuwanta ba sai da itace ya faɗi. Ya yi saurin tura takardar a aljihu, ya ce haske yake dubawa. Ta juya za ta tafi, sai ya ce, bai dube ta ba:

"Inna, wai shi Sahabin nan ya ga ƙanen nasa kuwa?"

Souwaiba ta karanta mai tsuntsaye ya fi sau biyar. Ta san a wace tasha, ta san rigar da ke jikin wa, ta san kalmar ƙarshe.

"Na manta," in ji ta.

Ita ce mace ta farko a lungun da ta faɗi abin da ya so a faɗa a fim ɗinsa, ga shi ba kamera.

To, masu karatu, ga inda Souwaiba take. In ta fiddo kamera, mai yiwuwa ranar Alhamis ya hau kamyo, littattafai su zauna a cakuɗe, Hajiya ta tafi lahira ba ta amsa mata ina kwana ba. In ta bar ta, ranar Laraba a ja Marwan ko Alkasum komisariya a kan laifinta. Wata zuciyar na ce mata ta mayar masa da kayansa ta dogara ga Sahabi, tun da amsar na ƙugun Hajiya kuma ba a samunta sai an bi ta fallen ƙarshe. Wata na ce mata ɗan da raƙumi ya kai kasuwa ba a sake masa akala. Gari kuma ba ya jira, gida na ci kullum, yau da safe ludayi ya taɓa leda. Ku da kuka fi ta karatu, ku gaya mata: ta fiddo, ko ta aika a niƙo wani geron?